Kwanon da Dogo Yake Turawa Hagu

A ajin yamma na masu sake jarrabawa Malama ta fara ganin Dogo, mai gyaran waya, wanda lissafi ya kayar sau biyu. Ta rubuta y = (x − 3)² a allo, ta ce ya zana farabolar, layin nan mai siffar kwano. Ya tura kwanon hagu.

"Dama zai matsa," ta ce.

"Ai alamar ragi na gani, Malama."

"Kowa ita yake gani. Wace lamba ce za ta mayar da cikin bakan nan sifili?"

"Uku."

"To gindin kwanon yana kan uku."

Washegari ya sake tura shi hagu. Kullum sai ta tsaya bayan an tashi tana maimaita masa. Ta ɗauka tausayinsa take ji. Ta yi karatu mai zurfi, amma ba a fannin soyayya ba.

Da ya aiko neman aurenta, mahaifinta, wanda ya sha ganin takardun Dogo a kan teburin falo, ya ce ba zai haɗa zuriya da daƙiƙi ba, ga ɗan abokinsa injiniya yana jira.

Tana cikin wannan damuwa ta hango Dogo a benci yana koya wa wata ɗaliba, kwano na tafiya dama tiryan-tiryan. Ta tura masa saƙo:

"Ashe ka iya. Ko sai a gabanta kanka yake aiki?"

"Malamata, tun ranar farko na gane. In na zana daidai, me zai tsayar da ke bayan an tashi?"

"Sannu da dabara, ɗalibina. Takardun nan Baba ya gani ya ƙi ka."

Dogo ya je ya durƙusa a falon, ya yi bayani, ya zana duk abin da tsohon ya rubuta masa ba kuskure.

"Na ɗauke ka daƙiƙi," in ji Baba, "ashe maƙaryaci ne."

Ya auna daƙiƙanci da ƙarya, ya ga na biyun ya fi saurin gyaruwa. Sharaɗinsa ɗaya: a ci jarrabawa.

Dogo ya ci, aka ɗaura aure. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya sanya albarka, ya ba ku 'ya'ya masu halin uwarsu."

Ango ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.