Lotsawar Ƙofar Direba

"Efraín, ba ka gyara lotsawar nan ba?" Araceli ta dafe ƙirji. "Wata huɗu kana kan motar nan, kuma yau Baba zai zo!"

"Da gangan na bar ta, masoyiyata."

"Ka gama da mu..."

Ga Mustang ɗin mahaifinta nan a tsakiyar gareji, ƙirar 1965, ja jawur, dokin ƙarfen da ke hancinta sai ɗaukar ido yake. A garinsu na Toluca irin wannan mota 'yar gida ce, tsoho ma in ya shige ta sai ya koma saurayi. Shekara tara mahaifin nata, Don Eusebio, ya lulluɓe ta da tamfol, tun rasuwar matarsa. Da Efraín mai gyaran jikin mota ya zo neman auren Araceli, ko kujera tsohon bai ba shi ba. Makulli ya jefa masa, ya ce ya dawo da ita yadda take, sannan a yi magana.

To ga ƙofar direba da lotsawa kamar tafin hannu, fentin wurin ma tsoho.

Ba su ankara ba sai ga Don Eusebio da sandarsa, Fabián, wani mai nacin neman auren Araceli, na biye da shi. Sau uku Araceli tana korar Fabián, amma mutumin ba ya jin kora. Jiya ya leƙo garejin, yau ya kwaso tsegumi.

"Ka gani da idonka, Don Eusebio," in ji shi. "Wanda ya kasa ƙofa ɗaya, shi zai riƙe maka 'ya? Ni da sabuwa fil zan sa maka."

Tsohon ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a ƙofar.

"Yaro, me ya hana ka?"

"Na ɗauko guduma, Don Eusebio, sai na lura. Ko'ina fenti ya dushe, ban da nan. Nan ya yi santsi, har ya suɗe. Hannu ne ya yi shekaru yana shafa wurin. Ban san dalili ba, amma na ga bai kamata in taɓa ba."

Don Eusebio ya ɗora tafinsa a kan lotsawar, ya zauna daram.

"Mahaifiyarki ce, Araceli. Ranar da na fara koya mata tuƙi ta gogi ƙofar coci. Ta yi ta kuka, ni ina ta dariya. Kullum da safe nakan ɗaga tamfol in gaishe ta a nan."

Hawaye suka zubo wa Araceli. Shekara tara suna gida ɗaya, ba ta taɓa sani ba.

Fabián ya buɗe baki, tsohon ya nuna masa hanya da sanda.

Efraín ya shiga motar, ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani har gilashin taga ya girgiza, maƙwabta suka firfito suna tafi. Araceli ta daka tsalle tana dariya cikin kuka.

"Sauko, ɗana, Araceli ce za ta ja mu," in ji Don Eusebio. "Mu je coci a sa rana."

Ya dubi 'yarsa, ya share ido.

"Ke kuma ki kula da ƙofar cocin nan. Lotsawa ɗaya ta ishe ni."