Gansakukar Tsakiyar Dausayi

Bayan la'asar Baba ya ce in ɗauko igiya mu hau dutse. Sana'arsa ke nan, yanko gansakuka yana kai wa masu renon itatuwa, su naɗe saiwar dashe da ita. Ni kuma riƙon igiya ne aikina, tun da yayana ya yi aure ya bar min gadon wahala.

Dausayin yana can sama, inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin dutse rani da damina. Ka gan shi kore shar kamar shimfiɗa, amma ƙasansa taɓo ne zalla. A gefe ake yanka. Tsakiya, inda wata jar ciyawa mai danƙo ke kama ƙudaje, ba mai sa mata lauje.

Ranar mun tarar an riga mu, an aske gefen tas.

"Baba, mu koma," na ce.

"Da buhu wayam? Riƙe dai, 'yar nan."

Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya bi kan tushen ciyayi yana dogarawa. Na zauna na tokare ƙafa da dutse. Warin ruɓaɓɓen ganye ya cika min hanci. Kwaɗi sai kuka suke.

Ya sa lauje a tsakiyar. Kwaɗin suka yi tsit.

Dausayin gaba ɗaya ya taso, ya sauka, kamar cikin mai barci. Sai muryar wata tsohuwa daga ƙasa, can ciki-ciki:

"Wa ya yaye wa 'ya'yana mayafi?"

Baba ya mayar da abin da ya yanka, yana dannawa. Ya riga ya nutse zuwa gwiwa.

Na ja. Igiyar ta saluɓe min fatar hannu.

Taɓon ya kai masa ƙugu.

Na ƙwala ihu, muryata ko bakin dausayin ba ta wuce ba. Ni ake ja yanzu, dugadugaina sun shiga ruwan sanyi.

Baba ya dube ni. Ya ɗora lauje a kan igiyar.

"Sauka. Kada ki waiwayo."

Ya yanke.

Ban san yadda na iso gida ba. Da maƙwabta suka hau da fitilu, a bakin dausayin suka sami Baba zaune, ko ɗigon taɓo babu a jikinsa.

Har yau bai ƙara magana ba. Ruwa ke tsattsafowa daga tafin ƙafarsa, mai sanyi, mai warin ganye. An yi addu'a, an kai shi asibiti, ba abin da ya sauya. Inna tana goge daɓen ɗakin tana kuka, gansakuka tana sake tsirowa a ƙarƙashin gadonsa.

Jiya na kai masa abinci, na taka daɓen gefen gadon. Simintin ya lotsa.