Gadon Da Aka Ƙara Wa Ƙafa

“Wallahi da idona na gani, ya kwance gadon auren naku kaf! Ko kujerun bai bari ba.”

'Yar gwaggon saurayina ce ke faɗa, tana tsaye a kaina da fuskar tausayi. Ni kuwa ina kwance cikin rigar robar da ke tallafe min baya.

Tun ina 'yar makaranta ƙashin bayana ya karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. A haka saurayin nawa, Kafinta, ya gan ni ya ce yana so, har ya ƙera mana kayan ɗaki da hannunsa. Da ciwon ya fara taɓa min numfashi, likita ya ce sai tiyata. Aka miƙar da bayan da ƙarafa, aka hana ni sunkuyawa, na tashi na tarar har tsawo na ƙara.

Tun daga nan mahaifiyar Kafinta ta kafe, wai wadda ba ta iya ɗaukar tsintsiya daga ƙasa ba za ta riƙe wa ɗanta gida ba.

“Sai haƙuri,” in ji 'yar gwaggon, “kin san ba ya tsallake maganar Mama...”

Na san ta daɗe tana harinsa, amma kwanakin nan ya ɗauke ƙafa, sai gajerun saƙonni. Tana fita na ƙwala wa yayata kira.

“Yaya, ɗauko mota!”

“Ke da ko takalmi sai an sa miki?”

“To zo ki sa min!”

Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi har ƙwaƙwalwa, amma haka na cije har gidan da za mu zauna. Ƙurar katako ta cika falon, ga gadon can a warwatse. Hawaye suka ɓalle min.

“Ashe gaskiya ne...”

Kafinta ya ɗago da fensir a kunne, ya zaro ido.

“Doguwata! Wa ya fito min da ke?”

“Kar ka ce min doguwarka! In fasawa ka yi, ka faɗa min ido da ido.”

“Fasawa? Zo ki zauna nan tukuna, zuciyata.”

Ya ja min kujera. Na zauna, na miƙe, na sake zama, ban dafa komai ba, kuma bayana bai yi min ciwo ba. Sai a lokacin na lura an ƙara wa ƙafafunta tsawo. Teburin girki ya kawo min ƙugu, tukwane na jere a sama, har tsintsiya an yi mata doguwar sanda an rataye.

“Da tsohon tsawonki na auna komai,” ya ce yana sosa ƙeya. “So nake in gama kafin ki gani. Gadon ne ya rage.”

Kunya ta kama ni, daɗi kuma kamar ya kashe ni.

“Mama fa?”

“Ga ni nan.”

Na waiga, sai ga ta a lungu, ta hakimce a kan wata doguwar kujerar.

“Zuwa na yi in hana shi wannan aikin,” ta ce, “sai na zauna a nan. Rabon da in tashi daga kujera gwiwata ba ta yi ƙara ba har na manta. Wannan dai tawa ce, in na zo gidanki, 'yata, kar wanda ya hau min.”

Gidanki! Yaya ta ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa ga kuka ga dariya.

Ya zo ya tsaya kusa da ni a gaban madubi, sai muka ga na ɗara shi tsawo. Ya ɗan yi ɗage, bai kamo ni ba.

“Kin gani ko? Komai na gidan nan na ƙara masa ƙafa, ni kaɗai na gagara.”

“Bar min kanka haka,” na ce ina share ido. “Wa zai riƙa sa min takalmi in kai ma ka yi nisa da ƙasa?”