Kofin Shayin da Ya Huce

La'asar ta yi sakaliya, hadari ya taso baƙi ƙirin daga wajen kogi, lokacin da Seyni ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidansu Gambi da ke Gamkalle.

Ita ta tare shi a zaure.

"Masoyina, don Allah kada ka yi gyangyaɗi... mutum biyu Baba ya kora a kan fim ɗin nan!"

"Ni da nake kwana ina gyaran injin ruwa? Kwantar da hankalinki, 'yar Baba."

Mahaifinta, Baba Hima, ya shekara ashirin yana haska fim a wata silima da aka daɗe da rushewa. Duk mai neman 'yarsa sai ya zaunar da shi ya kalli wani tsohon kaset, sannan ya ji ra'ayinsa. Amsar ce ke ba da aure ko ta hana.

Fim ɗin ba launi, ba kiɗa. Miji da mata ne a wani gida, ba faɗa, ba zagi. Kullum ta ajiye masa shayi, shi kuwa idonsa na kan jarida. Haka aka kwashe awa biyu. Daga ƙarshe ta fita, ta bar ƙofa a buɗe.

Seyni ya zuba ido, ko ƙiftawa ba ya son yi. Daga tsakar gida yana jiyo sautin taɓaryar Inna, mahaifiyar Gambi, wadda aka ce ta shekara goma ba ta yi wa mijinta magana ba sai gaisuwa.

Baba Hima ya kashe talabijin.

"To, ɗan samari. Me ka gani?"

"Baba, gaskiya yana da jan rai, na ƙosa. Amma ya ba ni tsoro. Mutumin nan bai zage ta ba, bai doke ta ba... ɗaga kai kawai ya kasa. Shi ya kashe auren."

Tsohon ya dube shi.

"Ka fi na baya gani. Yanzu dubi gefen ƙafarka."

Seyni ya duba. Kofin shayi ne da ɗan kwanon kopto, wato kwaɗon zogale. Ya taɓa kofin, ya yi sanyi ƙalau.

"Tun tsakiyar fim Gambi ta kawo. Ta durƙusa, ta jira."

"Baba, wallahi fim ɗin ne ya..."

"Ni ma fim nake kallo, shekara ashirin." Ya juya wajen da taɓarya ta yi shiru. "Je ka. Ban ce e ba. Ba kuma na jin zan ce."

Seyni ya fito, ruwa ya riga ya kece, idonsa cike da hawaye. A ƙofa ya tarar an lulluɓe sirdin babur ɗinsa da mayafin Gambi, an ɗaure shi tamau don kada ya jiƙe.

Ya ɗaga kai da sauri.

Ƙofar zauren a rufe take.