Minti Biyun da Almakashi Ya Yanke

A ɗakin tace fim na kwaleji ya fara ganinta, ɗakin da ba taga, sai fanka ɗaya mai kuka kamar za ta faɗo. Ta ajiye memori mai ɗauke da fim ɗinta a gabansa.

"Kai ne Almakashi?"

"Haka suke ce min. Wai ba na tausayin hoto."

"To ni tausayin nake nema. Fim ɗina na kammala karatu ne, kuma a kan Babana na yi shi."

Ya ɗago jajayen idanunsa, kwana uku ke nan yana fama da allo. Kallo ɗaya ya yi mata, shi ke nan fa, bawan Allah ya faɗa tarkon so. Tun ranar ya sa mata suna Darakta.

Wata huɗu suka yi a ɗakin nan, wuya ya sage, baya ya ƙage. Baban nata mai gyaran agogo ne, shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Almakashi ya kalli hannayen tsohon a allo har ya haddace kowace jijiya. In ta tafi gida sai saƙo ya biyo ta:

"Daraktata, na gaji da komai yau, ban da muryarki da ke cewa a fara."

"Ka ci abinci dai, sarkin yanka. Ina sonka, amma kar ka taɓa min farkon fim."

Da maganar aure ta kai kunnen Baba, ko gilashin idonsa bai cire ba.

"Ke ma nacinki ne ya sa na bar ki kika yi karatun fim. Amma suruki ɗan fim? Mutanen da sana'arsu tallar asirin jama'a? A'a."

Ga kuma Mai Kyamara, ɗan ajinsu da ya ɗauki fim ɗin, shi ma yana cikin masu nemanta. Kullum yana shago yana rantse wa Baba cewa da ya gama zai bar harkar.

Ana nan sai Almakashi ya ci karo da wasu minti biyu. Ranar ɗauka ta ƙarshe Darakta ta ce a yanke, kowa ya fita shan iska, Mai Kyamara ya manta bai kashe ba. Baba, shi kaɗai, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko ƙaramin agogon mata, na marigayiya mahaifiyarta. Ya murza shi, ya kara a kunne, ya yi kuka har kafaɗunsa na rawa.

Darakta ta kalla, ta yi nata kukan, sannan ta ce, "Wannan ne zuciyar fim ɗin. Da shi zan zo ta ɗaya."

Gaskiyarta ne, kuma ya sani. Duk da haka ya yanke.

"Wa ya ba ka izini? Fim ɗina ne, ubana ne!"

"Kin riga kin ce a yanke, Darakta. Bai san ana ɗauka ba."

Ta kwashi jakarta ta fita. Sati biyu yana turo saƙo ba amsa. Na ƙarshen ya ce: "Ainihin hoton yana hannunki, in kin so ki mayar. Ni dai hannuna ba zai iya ba. Na gaji, kuma ina kewarki."

Ba ta amsa ba, ba ta kuma mayar ba. Aka haska fim a kwaleji, malamai suka ce ya yi kyau amma ba ya taɓa zuciya. Ta zo ta biyar.

Mai Kyamara ya ga dama ta samu, ya garzaya shago. "Baba, yaron nan ya cuci 'yarka! Ya cire wurin da ka yi kuka, wurin da ya fi ko'ina kyau."

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. "Kuka? Wane kuka?"

Washegari ya aika a kira Almakashi. Ya zo ya durƙusa tsakanin agoguna. Darakta na bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ka san cirewar za ta ja mata asara?"

"Na sani, Baba."

"Ka san za ka iya rasa ta?"

"Na sani. Amma kukan naka ne, ba namu ba."

Tsohon ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko agogon marigayiyar.

"Shekara tara ni nake murza shi kowace safiya. Na gaji. Ungo, kai za ka ba ta. Ka turo manyanka."

Darakta ta fashe da kuka. "Ka yafe min, Almakashina."

"Wannan ma na yanke shi," in ji shi.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, amarya da agogon mahaifiyarta a hannu. Da suka je sallama, Baba ya dafa kan angon, kuma babu wanda ya ɗaga waya don ya ɗauka.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Allah Ya rufa muku asiri, kamar yadda ka rufa nawa."