Jujin da ke Cikin Wayar Magaji

Magaji mahauci ne a Talata Mafara, kuma bai iya zubar da komai ba. Tsohon takalmi, igiyar bijimin da aka yanka bara, duk suna nan. Haka ya yi wa wayarsa. Shafin da yake baje hotunan shanunsa ya daina buɗewa daidai, kullum tsohon hoto yake nunawa. 'Yarsa Taiba ta ce ya share kash da kukis, wato tarkacen da waya ke tarawa duk shafin da aka shiga. Ya ƙi. Ya manta lambar sirrinsa, in ya share, shafin zai fitar da shi, ya rasa masu yaba masa shanu.

Wata magariba Taiba na riƙe da wayar, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo. Kaji suka yi tsit. Taiba ta zube, ta ɗago tana dariya da muryar tsohon namiji.

Washegari da hantsi aka ɗauko Malam Ɗantala, mai cire aljanu, daga Faru. Ya yi karatu a kanta har ya yi gumi, sannan ya ce, "Wa kake? Ina mazauninka?"

"Bola nike kwana bayan kasuwa," in ji muryar. "Sunka kwashe ta. Niy yi ta yawo, sai nis samu wayar wanga mutum. Malam, ban taɓa ganin ƙazanta awa tata ba. Ɗiyar ta so ta share min gida, shi yas sa nik kama ta."

"Hita daga jikinta."

"A bar min jujina, mu zauna ni da ita lahiya. In an share, ba ni da wurin komawa, sai in tahi Bakura."

Malam ya juya. "Magaji, share."

A nan ne mutumin ya nuna ko wane ne shi. 'Yarsa na birgima a ƙasa, shi kuwa ya tsaya yana shafa waya. Abin kunya, har baki ya buɗe.

"Malam, babu wata hanya? Shahin nan hwa..."

Aljanin ma sai da ya yi tsaki. Hauwa'u, uwar yarinyar, ta fizge wayar, ta shiga saitin burauza, manhajar buɗe shafuka, yadda ta ga Taiba na yi, ta share komai. Taiba ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Magaji ya matso yana washe baki. "Sannu ɗiyata, Allah ya kiyaye gaba."

Taiba ta gyara ɗankwalinta, ba ta dube shi ba.

"Bakina yak kama, Baba," ta ce. "Kunnena bai kama ba."