Safa Mai Huji

Firjin coci ne ya haɗa su. Ya mutu ana shirin girkin bikin girbi, aka kira Corwin Pruitt mai gyara daga cikin gari. Yana kwance a kicin, kansa a bayan firji, sai ya ji an ce, "Mai gyara, zai tashi, ko mu kira fasto?"

Ya ɗago da sauri, ya ƙume goshi. Lorna Wampler ce tsaye da kofin shayi, tana danne dariya. Firji ya tashi a ranar, amma Corwin ya yi ta dawowa duba lafiyarsa har sanyi ya wuce.

Mahaifinta Elwood, mai kiwon kaji kuma dattijon coci, ya rasa sukuni.

"Yaron kirki ne," ya ce wa matarsa Verna, "amma bai taɓa shiga coci ba sai da sukudireba a hannu. Ranar da wahala ta zo musu, me zai riƙe? Ban yarda ba."

Da Corwin ya ji, ya sayo littattafai ya duƙufa. Ya turo wa Lorna saƙo: "Tauraruwata, na haddace manzanni duka. Gobe zan fara annabawa. Gaya wa Baba ya tambaye ni kome."

Ta amsa: "Mai firjina, Baba ba jarrabawa yake so ba. Ka zo Jibin Ƙauna, cin abinci tare a coci, ranar Alhamis kafin Ista. Akwai wankin ƙafa."

Corwin ya tambayi Merle Flory mai jan waƙa ko akwai wani shiri da ake yi. Bai san Merle ya daɗe yana son Lorna ba.

"Babu kome, ɗan'uwa," in ji Merle. "Zo yadda kake."

Alhali ko yaro a cocin ya san sai ka goge ƙafarka tas a gida, ka yanke farce, ka sa sabuwar safa.

Ranar Corwin ya wuni a gonar shanu yana gyaran tankin madara, ya zarce coci da takalman aikinsa. Maza suka jeru a gefe guda, mata a ɗaya gefen. Merle ya zaunar da shi tsakaninsa da Elwood, don ya sha kallo a kusa. Kowa yakan wanke wa na kusa da shi, kwano ya wuce gaba.

Kwano ya iso. Elwood ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Corwin ya cire takalmi. Babban yatsa ya leƙo ta hujin safa, warin shanu ya tashi, wani tsoho ya fara tari.

Corwin ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci. "A'a, Baba. Ni zan wanke maka. Ba za ka taɓa wanke mini ƙafa ba!"

Kafaɗun tsofaffi suka fara rawa saboda dariya.

"Yaro," in ji Elwood a hankali, "kafin kai wani ya gaya wa Yesu haka. Bitrus sunansa."

"Na haddace shi, Baba."

"To, shi daga baya ya miƙo. Miƙo, gwiwata ba ta da haƙuri."

Ya miƙa. Rabon Elwood da wanke ƙafa mai datti na gaske tun 'ya'yansa suna rarrafe. Ruwa ya koma kamar shayi, sai da aka canja. Ya share ƙafafun da tawul, suka miƙe suka rungumi juna, idanun Corwin sun cika.

Sai ga tawul a ƙugun Corwin, ga Merle a gabansa da ƙafafu masu ƙamshin sabulu. A nan ya gane abin da aka yi masa. Elwood ya zuba ido.

Corwin ya durƙusa. Ya wanke ƙafafun a natse, har tsakanin yatsu. Merle, da ba ya jure cakulkuli, ya ciji leɓe har ya yi hawaye. Da suka rungumi juna ya raɗa masa, "Yafe mini."

"Ya wuce, ɗan'uwa."

A mota Verna ta ce, "Baban Lorna, yaya ka gani?"

"Yaron nan," in ji Elwood, "gaya masa ya zo cin abinci ranar Lahadi. Ya yi wanka."

Da bazara aka yi wa Corwin baftisma a rafi, da kaka aka ɗaura aure. Merle ne ya ja waƙa, gudummawarsa kuwa kwali guda na safa.

Elwood ya riƙe hannayensu. "Ubangiji ya albarkace ku, 'ya'yana. Ranar da kuka ɓata, wanda ya fi jin haushi shi zai ɗauko kwano."

Lorna ta kalli angonta. "Ka ji ko, mai firjina?"

"Na ji, tauraruwata. Na ma sayi kwanon."